Gwajin jinin da ke bin sawun ciwon dajin fata: ya kai a sayar da shanun huɗa dominsa?

Tambayar ta zo mini ne daga wani malamin firamare da ke wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura. Mahaifinsa manomi ne, ya haura shekara 60. Damina biyu da suka wuce wani baƙin tabo ya fito masa a dunduniya, aka ɗauka faso ne ko ƙaya ce ta karye a ciki, har wurin ya zama gyambo. Da aka dangana da Kano aka yanke wurin, aka cire kaluluwar gindin cinya, aka ce ciwon dajin fata ne da ake kira melanoma, mataki na uku. Yanzu duk bayan 'yan watanni sai sun koma an ɗauki hoto, kuɗi na ta zurarewa. Sai ya gani a Facebook cewa a ƙasashen Turawa akwai gwajin jini da ke nuna ciwon ya dawo tun kafin hoto ya gani. Yana tambaya ko gaskiya ne, in kuwa gaskiya ne, ko su sayar da shanun huɗarsu biyu su nema wa Baba.

Malam, wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma Allah ya saka maka da wannan ɗawainiya.

Abin da ka gani gaskiya ne, ba ƙaryar 'yan intanet ba ce. Gwajin yana nan, kuma ni da nake aikin auna tsoka da jinin masu ciwon daji ina ƙirga shi cikin abubuwa mafi kyau da suka zo wa fanninmu a shekarun nan. Amma kada ku sayar da shanun. Zan faɗa maka dalili, sai dai ka yi haƙuri da tsawon bayani. Na fi so ka gane abin da kanka, yadda ko gobe wani ya zo maka da tallarsa za ka san abin da za ka tambaye shi.

Jikin mutum da ƙananan ƙwayoyin halitta aka gina shi, waɗanda ido ba ya gani, kamar yadda ake jera tubali a yi ɗaki. Kowace ƙwaya tana ɗauke da rubutaccen umarni a cikinta, shi ne DNA ɗin da kake jin ana gwadawa idan ana rigimar wane ne uban yaro. Haruffa huɗu ne kacal ake ta jujjuyawa, amma tsawon rubutun ya kai harafi biliyan 3. Kullum wasu ƙwayoyin suna mutuwa, wasu suna maye gurbinsu, kuma idan ƙwaya ta mutu rubutun nata yakan dagargaje, ɓarɓashinsa ya faɗa cikin jini. Gutsattsari ne ƙanana, yawancinsu harafi 170 ne ko ƙasa da haka. Ni da kai duk muna da su a jininmu a yanzu haka, kuma mafi yawansu daga fararen ƙwayoyin jini suke. Wasu masana biyu a Faransa, Mandel da Metais, su suka fara ba da labarinsu tun 1948, aka yi kusan shekara 30 ba wanda ya waiwayi zancen. A 1977 aka lura sun fi yawa a jinin masu ciwon daji, a 1994 kuma aka tabbatar cewa wasu daga cikinsu daga jikin ƙarin suke faɗowa.

Ta yaya ake bambance na ƙari da na lafiyayyen jiki? Kai malami ne, ka san tazarar da ke tsakanin baki da baƙi. Lanƙwasa ɗaya ce a kan harafi, amma magana ta sauya gaba ɗaya. Haka ciwon daji yake somawa. Wajen kwafe rubutun nan sai a yi kuskure a wuri mai hatsari, ƙwayar da ya kamata ta tsaya sai ta yi ta hayayyafa ba ji ba gani. A melanoma, kuskuren da ya fi shahara yana wani sashe da ake kira BRAF, masana a cibiyar Sanger ta Ingila suka gano shi a 2002. Harafi ɗaya ne rak ya sauya, a takardar sakamako za ka ga an rubuta V600E. Na biye masa yana wani sashen da ake kira NRAS. Lafiyayyen jini ba ya ɗauke da waɗannan kurakurai, saboda haka idan aka tsince su a jinin wanda aka san ƙarinsa yana da su, an san daga inda suka fito.

Wahalar ita ce ƙarancinsu. Ka auno kwanon farfara, ka jefa tsabar kaura uku a ciki, ka gauraya, ka ce a nemo maka su. A wani mara lafiyar, gutsure ɗaya ne na ƙari cikin dubu na lafiyayyen jiki, a wani ma bai kai haka ba. Dabarar da aka fi yi ita ce, bayan an tace DNA daga ruwan jini, inji ya fasa shi ɗigo-ɗigo har kusan 20,000, kowane ɗigo ya zama gurbin kansa. Sai a ninninka abin da ke cikin kowane gurbi, wanda ke da kuskuren ya yi haske da wani launi daban, a bi su a ƙirga. Sakamakon yakan fito da adadi: kwafi kaza a kowace mililita ta ruwan jini. Akwai wata hanyar da ke karanta sassa da yawa a lokaci guda, ta fi tsada. Akwai kuma wadda sai an fara karanta ƙarin mutum tukuna, a zaɓo alamominsa na kansa, a haɗa masa gwajin da ba zai yi wa kowa ba sai shi, kamar yadda tela ke gwada mutum kafin ya yanka yadi.

Abin da ya sa nake son gwajin nan shi ne gutsattsarin ba sa kwana a jini. Hanta da ƙoda suna share su, cikin awa ɗaya zuwa biyu rabinsu ya tafi. Don haka abin da aka gani a kwalba labarin yau ne, ba na watan jiya ba. Hoto yana nuna girman ƙulli, amma ƙulli yana iya mutuwa ya bar tabonsa a hoto har watanni, kamar kututturen da wuta ta cinye cikinsa yana nan tsaye. Jini kuwa hayaƙin yake dubawa. In wutar ta mutu, hayaƙi yakan ɗauke nan da nan. In ta sake kamawa, sau da yawa hayaƙin kan riga harshen wutar bayyana da makonni, wani lokacin da watanni.

Kafin zuwansa, gwajin jinin da muka fi dogara da shi wajen bibiyar melanoma da ta bazu shi ne wanda ake ce wa LDH, kuma da alama an taɓa yi wa Baba. Wani sinadari ne da ke fitowa daga kowace ƙwayar halitta da ta fashe, ko ta ƙari ko ba ta ƙari ba. A Turai ma rauninsa sananne ne, don mutane da yawa ciwonsu yana ci amma LDH ɗinsu daidai yake. A nan gida raunin ya ninka, saboda zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga shi, sikila tana ɗaga shi, ciwon hanta yana ɗaga shi, ko wajen ɗibar jinin aka yi garaje jajayen ƙwayoyi suka fashe sai ya hau. A ƙarshen damina, lokacin da rabin gari ke kwance da zazzaɓi, ka ga LDH ɗin Baba ya tashi, me za ka ce? Gwajin DNA ba shi da wannan matsalar, sauro ba ya rubuta V600E a jinin kowa.

An kuma gwada shi a kan mutane da yawa, ba a baki kawai ba. Wata tawaga a jami'ar Niyok ƙarƙashin likitan fata David Polsky ta fitar da sakamako a 2021 a kan marasa lafiya 345 da ciwonsu ya bazu kuma ƙarinsu yana da kuskuren BRAF. An ga alamar a jinin kashi 93 cikin 100 kafin a fara magani. Waɗanda alamarsu ta fi yawa su ciwon ya fi saurin ci, waɗanda kuma alamarsu ta ɓace bayan mako huɗu da fara magani su suka fi daɗewa. A Sidni ta Ostireliya kuma aka nuna wani amfanin da ya fi burge ni. Akwai maganin da ke tayar da garkuwar jiki, wanda a wasu mutane ƙalilan yakan sa ƙulli ya ƙara girma a hoto da farko, don sojojin jiki ne suka cika shi, ba ciwon ne ya ƙaru ba. Likita yana iya tsorata ya dakatar da maganin da ke aiki. Idan aka duba jini aka ga alamar tana sauka alhali hoto yana cewa an ƙaru, yawanci jinin ne mai gaskiya.

To duk wannan alherin, me ya sa na ce ku riƙe shanunku?

Babban dalili shi ne melanomar Baba ba irin ta Turawan da aka yi waɗancan gwaje-gwaje a kansu ba ce. Tasu rana ce ke jawo yawancinta, a baya ko kafaɗa ko ƙauri, don fatarsu ba ta da isasshen baƙin da ke tare zafin rana. Mu Allah ya yi mana wannan sulke, shi ya sa ba kasafai take kama mu a fuska ko baya ba, duk da yinin da muke yi a gona. Tamu a tafin ƙafa take fitowa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce, kuma ba rana ce sanadinta ba. Da aka karanta rubutun irin wannan ƙarin gaba ɗayansa, kamar yadda wata tawagar Ostireliya ta yi a 2017, sai aka ga ɓarnar ma daban take. A ta rana, haruffa ne ɗaiɗai suka lalace, dubbai. A ta tafin ƙafa, haruffan da suka lalace kaɗan ne, amma shafuka ne aka yayyage, wasu aka maimaita su sau da yawa, wasu aka liƙa su inda ba wurinsu ba. Kuskuren BRAF da ake samu a kusan rabin melanomar Turawa, a ta tafin ƙafa kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ko shida yake da shi. NRAS ma ba shi da yawa. Akwai wata alama ta uku mai suna TERT, wadda aka gano a 2013 kuma aka yi murna da ita don tana kama yawancin waɗanda ba su da biyun farko, amma ita ma a ta tafin ƙafa ƙalilan ne suke da ita.

Ka ga ke nan gwajin kamar mai cigiyar akuya ne da aka ce masa tana da tsaga a kunnen dama. In akuyar da ta ɓata ba ta da tsagar, za ta wuce ta gabansa a kasuwar Ringim yana kallo, ya dawo ya rantse maka bai gan ta ba. Fiye da rabin masu ciwo irin na Baba ba su da BRAF ba su da NRAS. In ka biya kuɗi aka nemi BRAF a jininsa alhali ƙarinsa bai taɓa ɗauke da shi ba, takarda za ta fito da cewa ba a ga komai ba, kuma za ta faɗi haka ko ciwon ya cika huhu. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, don za ku dawo gida da murna, a yi sadaka, a daina zuwa asibiti. Wanda duk ya ce zai yi wa Baba gwajin nan bai tambaye ka takardar auna tsokarsa ba, cinikin biri a sama yake son yi da kai.

Dalili na biyu, ko da ƙarinsa yana da alamar, matakin da yake kai yanzu ba shi ne inda gwajin ya fi ƙarfi ba. Kashi 93 ɗin nan na mutanen da ciwonsu ya riga ya bazu ne, ƙulli manya a hanta da huhu suna ta zubar da ɓarɓashi. Baba an cire masa duk abin da ido da hoto suka gani. In akwai saura, ɗan mitsitsi ne, abin da zai zubar a jini bai taka kara ya karya ba. Tawagar Niyok ɗin nan ta sake fitar da wani sakamako a 2025 a kan masu mataki na uku da aka yi wa aiki, kusan mutum 600. Kashi 13 cikin 100 kawai aka ga alamar a jininsu bayan aiki. Waɗanda aka gani, kusan takwas cikin goma ciwon ya dawo musu, wato in ya ce akwai, a yarda da shi. Amma da yawa daga waɗanda ya ce babu, su ma ya dawo musu daga baya. Sannan in ciwon ƙwaƙwalwa kaɗai ya tafi, abin da melanoma ta saba yi, jini bai cika nunawa ba, saboda akwai shinge tsakanin ƙwaƙwalwa da jini. Shi ya sa ko a Amurka da Ingila gwajin bai kori hoto ba. Ƙari ne a kan hoto. Kuɗin da kake fatan zai rage muku, ƙaruwa zai yi.

Sai kuma zancen jinin kansa, yadda zai tashi daga hannun Baba ya isa inji da ransa. Na taɓa karɓar wani jini, na wani gwajin daban, da aka ɗiba da safe a wani asibitin karkara. Aka sa a kula, ƙanƙarar ta narke tun mota ba ta cika a tasha ba. Ɗan mara lafiyar ya iso mana bayan la'asar, a tsakiyar watan Afrilu, ya rungume kular a ƙirji kamar jariri, rigarsa sharkaf da gumi. Da muka ɗora kwalbar a injin da ke wulwulawa ya raba jini, ruwan da ya kamata ya taso sama ruwan ɗorawa sai ya fito ja kamar zoɓo. Da ƙyar na iya ɗaga ido na kalle shi sa'ad da nake ce masa sai an sake ɗiba. A gwajin DNA abin ya fi haka tsanani. In jini ya wuce 'yan awoyi a kwalbar da aka saba amfani da ita ba a raba shi ba, fararen ƙwayoyi sukan fashe su zubar da nasu rubutun, kamar a zazzage buhun farfara a kan kwanon nan mai tsabar kaura uku. Akwai kwalabe na musamman da ke riƙe jini har kwanaki, amma masu yin su sun ce kada zafi ya wuce maki 37, kai kuwa ka san bazarar Jigawa tana haura 40. Ruwan jinin da aka raba kuma sai firiza mai sanyin maki 80 ƙasa da sifili, wadda ba a ɗauke mata wuta. Duk inda aka yi sake a hanyar nan, amsar da za ta fito ita ce dai waccan mai daɗin ji, wai babu komai.

Dalili na ƙarshe shi ne wanda nake yi wa kaina tambayarsa kafin in rubuta wa kowa gwaji: in sakamako ya fito, me za mu yi da shi? Gwajin nan ya yi daraja a can ne don suna da abin bayarwa a hannu. Kafin 2011, wanda melanoma ta bazu masa bai cika kai shekara ba. Daga shekarar aka fara samun magunguna iri biyu. Akwai na haɗiya masu toshe BRAF ɗin da ya lalace ko hanyar da saƙonsa ke bi, vemurafenib da farko, sai dabrafenib da trametinib a 2013. Akwai kuma na ƙarin ruwa masu kwance wa garkuwar jiki dabaibayi ta afka wa ciwon, ipilimumab a 2011, pembrolizumab da nivolumab a 2014. Binciken da ya haife su shi ya ba James Allison na Amurka da Tasuku Honjo na Jafan kyautar Nobel a 2018. A babban gwajin da aka haɗa biyu daga cikinsu, kusan rabin marasa lafiyar suna raye bayan shekara 5. Amma a nan kowane zubi ɗaya miliyoyin naira ne, kuma duk bayan 'yan makonni ake maimaitawa. In shanu sun tafi wajen sanin cewa ciwo zai dawo nan da wata uku, kuma ba a bar abin da za a tare shi da shi ba, an sayo wata uku na fargaba ne kawai, ga damina ta zo ba abin huɗa. Ban faɗi haka don in karya maka gwiwa ba. Na ga gidajen da jinya ta cinye gona da garke, mara lafiya ya ƙare kwanakinsa yana jin shi ne ya talauta 'ya'yansa, kuma ba na son haka ga Baba.

Ga inda nake ganin kuɗinku zai fi amfani. Tunda har an gaya muku sunan ciwon, to tsokar da aka yanke ta je ɗakin gwaji. A can ana daskarar da gutsurenta cikin kaki, a ɗan akwatin da bai kai gidan ashana ba, da lamba a jikinsa, ana ajiyewa shekaru. Lambar tana kan takardar sakamako. Ka nemo takardar, ka ɗauki hotonta a waya, don na sha ganin irinta an naɗe cikin baƙar leda har rubutun ya goge. Ka roƙi likitan Baba ya nuna maka kaurin ƙarin da milimita, ko gefunan da aka yanka sun fita tas, da kaluluwa nawa aka samu ciwon a ciki. Sannan ka tambaye shi ko za a iya auna BRAF a kan wannan tsokar, in da hali har da NRAS da wani mai suna KIT, wanda akan samu a wasu masu ta tafin ƙafa kuma wani lokacin yakan ji wani tsohon maganin haɗiya, imatinib, da ya fi sauran sauƙin samu. Kakin nan ba ya bukatar ƙanƙara, ana iya aika shi ko'ina, kada dai a bar shi cikin mota a rana. Sau ɗaya ake gwajin, kuma yana amsa tambaya biyu: wane magani zai iya yi wa Baba aiki, da kuma ko gwajin jini zai iya ganin ciwonsa tun farko.

Bari in tsaya a nan in yi wa wasu magana, ba kai ba. Idan aka yanke wa mutum yatsa ko wani sashe na ƙafa, dangi sukan karɓa su je su binne don girmama jikin ɗan Adam, kuma ina mutunta wannan. Amma ku bari a fara kai shi ɗakin gwaji a ɗebi abin da za a auna, ku nemi a ba ku sauran. In an binne duka, an binne sunan ciwon tare da shi.

Bayan takarda, sai zuwa asibiti a kan lokaci, ko Baba yana jin garau. Hannun likita a kan tabon aiki da gindin cinya da hammata yana kama abu da yawa, kuma sikanin irin wanda ake yi wa masu juna biyu yana ganin kaluluwa sosai, ba shi da tsada, ana samunsa ba sai an je Kano ba. Babban hoton ƙirji da ciki kuwa, ka zauna da likitansa a Kano ku tsara tazararsa daidai da ƙarfinku. Ka faɗa masa gaskiyar aljihunka, ba abin kunya ba ne, kuma ka tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya ko akwai tallafin da Baba zai iya shiga. A gida kai ne idonmu. Duk mako ka duba ƙafar tun daga tabon har cinya, don ciwon yakan fito da ƙananan ƙulli baƙaƙe ko masu launin fata a kan wannan hanyar. Tarin da ya ƙi tafiya, rama, ciwon kai mai tsanani da asuba, amai, raunin hannu ko ƙafa, ko sauyin magana, duk kada a jira ranar da aka rubuta. In kuma wata kaluluwa ta taso, don Allah kada a kai wa wanzami ya yi sakiya ko ƙaho. Ba ruwa ba ne a ciki, fasa ta gyambo kawai zai bari, ya ɓata wa likitan fiɗa wurin aiki.

Akwai ranar da ni da kaina zan ce maka ka nemi gwajin jinin. In tsoka ta nuna Baba yana da BRAF ko NRAS, kuma Allah ya hore an fara ɗaya daga magungunan can, to sanin ko yana aiki tun a watan farko yana iya tsare muku kuɗin zubi biyu ko uku na maganin da ba ya yi. Haka in hoto ya nuna wani abu a huhu ko hanta da aka rasa gane ko ciwon ne, kuma wurin yana da hatsarin a soka allura. A irin wannan hali likitansa ne zai nema, shi zai san inda za a aika da irin kwalbar da za a ɗiba, kuma a yi na farko kafin fara magani don a sami abin kwatantawa. Awo ɗaya bai cika faɗin komai ba, hawa da saukar adadin ake karantawa.

Kada kuma maƙwabta su ji labarin nan su ɗauka ya shafi kowane ciwon dajin fata. Wanda muka fi gani a asibitocinmu wani iri ne daban, mai tasowa daga tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya shekara da shekaru, da wanda rana ke jawo wa 'yan'uwanmu zabiya a fuska da wuya da kunne. Waɗannan ba a bin su da BRAF. Maganinsu a yanke da wuri, ga zabiya kuma malfa da doguwar riga da man kare rana tun suna yara.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kusan duk ilimin nan an gina shi a kan fatar da ba tamu ba. Kakin da ke jibge a ɗakunan gwajin Kano da Zariya yana ɗauke da amsar irin kurakuran da melanomar mutanenmu take da su, kuma sai an karanta su za a iya haɗa gwajin jinin da zai san tsagar kunnen akuyarmu. In wata rana a asibitin koyarwa aka nemi izinin Baba a sa tsokarsa ko jininsa cikin bincike, ka sa a yi muku bayani da Hausa har ku gamsu, ku tabbatar ba za a karɓi ko kwabo ba, in ya yarda ku bayar.

Idan takardar tsokar ta zo hannunka, ka aiko mini da abin da aka rubuta a kan kauri da gefe da kaluluwa, da sakamakon BRAF in an yi, sai mu ɗora daga nan. Kafin nan, gobe in Baba ya zauna alwala, ka durƙusa ka duba masa ɗaya ƙafar, tafin da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Ka gaishe min da shi da jiki.